Igiyar Yasar Rijiya

Shekarar da na gama jami'a na koma Karaye ta wajen Jega zaman jiran aiki, ba a daɗe da ba mu jiharmu ba. Da rani rijiyar gidanmu ta ja baya, sai laka guga ke kawowa. Baba ya ce zai shiga ya yashe ta, kamar yadda ya saba tun ban yi wayo ba.

Igiyar da ake zura shi da ita ta rama ce, shi ya tufka abarsa. Ni dai hankalina bai kwanta da ita ba. Iya fahimtata, rama tana jure ja, amma in ta sha jiƙa da bushewa takan ruɓe daga ciki, bayanta kuwa lafiya lau. Ba zan ce na tabbata tamu ta ruɓe ba. Na dai je kasuwar Jega na sayo ta roba.

Baba ya jiƙa ta, ya ja, ya yamutsa fuska. "Ɗan boko, wagga santsi gare ta. Kuma bebiya ce. Rama in za ta tsinke sai ta yi ƙara, in ji, in ce a fidda ni."

"Baba, in ta yi ƙarar kana can ƙasa fa?"

Baffa, ƙanensa, ya tuntsire da dariya. "Yaya, yaron ga tsoron maraici shikai."

A wurinmu ba a zura mutum sai an fara zura buhun yashi. Aka ɗaure buhu da ta ramar, aka sake shi sannu a hankali. Bai yi nisa ba muka ji ƙas-ƙas, sili ɗaya ya ɓalle. Baffa ya ce a yanke wurin a ƙulla. Baba ya kama wurin da ya ɓalle. Ya buɗe tufkar da babban yatsa, cikinta ya yi baƙi, gari na zuba.

Na miƙa masa ta robar, ya girgiza kai. Sabuwar rama sai bayan damina, in an yanka an jiƙa a fadama. Kuma ina jin hannunsa ya riga ya daina tufka mai tsauri, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

"Kai shiga da ta robar," Baba ya ce wa Baffa.

Abin da nake so ke nan, a zatona. Amma da na gan shi durƙushe a bakin rijiya yana kwatanta wa Baffa inda zai sa ƙafa, ban iya yin murna ba. Baba bai sake shiga rijiya ba.