Awa Biyar a Ƙafafun Matafiya

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tara amalanken kaya a filin jirgi, har sunansa ya koma Baban Amalanke. Bai taɓa taka matakalar jirgi ba. Iyakarsa ƙofar gilashin da matafiya ke fitowa, kuma a nan ya yi karatunsa. Yakan dubi riga ya ga inda ta yamutse, ya dubi jaririn da barci ya yi wa zane a kumatu, ya san nisan da matafiyan suka ci a sararin sama.

Da 'yarsu da ke aure a wata ƙasa ta kusa haihuwa, sai ta aiko wa uwarta tikiti. Inna, matar Baba, na da ciwon zuciya, likita kuwa ya ja kunnenta kada maganin rana ya wuce ƙarfe sha biyu.

Ranar tafiya da sassafe, babban ɗansu, malamin makaranta, ya durƙusa a tsakar ɗaki yana shirya akwati. Ya cusa kwalbar maganin cikin zannuwa, don Inna na tsoron masu bincike su ƙwace ta, ya danna kwaɗo.

"Ciro maganin nan," in ji Baba.

"Baba, ga takarda. Tashi ƙarfe tara, sauka sha ɗaya. Awa biyu ce. Kafin sha biyu akwatin yana hannunta."

"Biyar ce."

"Lissafi fa nake koyarwa, Baba."

"To ka koya wa ƙafafun mutane. Jirgin nan na san shi, kullum ni ke tarbar masu saukowa daga cikinsa. Mata riƙe da takalma a hannu suke fitowa, ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga. Tafiyar awa biyu ba ta kumbura ƙafa. Sha ɗayan da ka gani ta agogonsu ce. Rana sai ta gama da mu take leƙa su."

Inna ta dubi ɗanta, ta dubi mijinta. "Malam, kai da ko tagar jirgi ba ka taɓa leƙawa ba?"

"Ke dai buɗe jakar hannunki."

Ya karɓi mabuɗi, ya ciro kwalbar da kansa, ya naɗe ta cikin takardar likita. "Wannan za ki nuna wa masu bincike, ba mai taɓa ta." Sannan ya kwance tsohon agogonsa ya ɗaura mata. "Duk abin da suka faɗa a sama, kada ki juya shi. Ya nuna sha biyu, ki nemi ruwa."

Ƙarfe tara jirgi ya ɗaga, Baba yana tsaye da jerin amalanke a gabansa. Sha ɗaya ta yi, ɗan ya zauna kan benci yana juya waya a hannu. Sha biyu ta wuce. Aka kira azahar, suka yi salla, wayar shiru. Baba ya ci gaba da turin amalankensa, bai ko waiwayo ba.

Sai wajen ƙarfe uku wayar ta yi ƙara, ɗan ya ɗauka ya miƙa wa Baba.

"Malam," in ji Inna, muryarta garau, "na sha maganina a cikin gajimare. Yanzu ma akwatin ya fito. Agogon bangonsu wai sai yanzu sha biyu ta yi."

"Takalmanki fa?"

Ta yi dariya. "Ga su a hannuna."

Baba ya miƙa wa ɗansa wayar, ya koma bakin ƙofar gilashi. Wani jirgin ya sauka.