Kafireton Motar Jikana

Yau shekaruna saba'in da huɗu a duniya, wannan al'amari kuwa ya auku shekara uku da suka shige, a ƙofar gidana da ke Sabon Gari. Ɗana ya zo daga Kano da 'yar motar wasan jikana, mai shan fetur, wadda ake sarrafawa da rimot. Tana tashi sai ta mutu. Ni da na tsufa a garejin bakin gada ina gyaran manyan motoci, da jin tarinta na san kafireto ne ya toshe. Na kwance shi, na guntsi fetur domin in fesa masa da baki, yadda maigidana ya koya mini.

Sai ɗana ya riƙe mini hannu a gaban yaron. "Haba Baba, tofar! Wannan ba a gyara shi, sauyawa ake yi."

Na tofar. Ya ciro sabo daga leda, ya ɗaura yana kallon waya, motar ta tashi. Tun daga ranar, ko keken yaron ne ya lalace, ba a kawo mini.

Uwargidana ta gani daga zaure, maƙwabcina tela ma ya gani, har ya sunkuyar da kai.