Shekarar da Muka Sa wa Shirwa Azumi

Autanmu ya dawo hutu daga jami'a a shekarar da shirwa ta addabi ƙauyenmu, can gefen Zakka. Lissafi yake karanta, har gaisuwa ma sai ka ji kamar zai raba ta gida biyu. Ya tarar da Inna tana ta sababi, an sure mata ɗan tsako a gaban idonta. Kaji kuwa su ne dukiyar Inna. Duk jikan da ya zo Sallah sai ya koma da 'yar budurwar kaza a hammata, kuma da wannan take taƙama.

Auta ya tsuguna a tsakar gida, ya zana layi biyu a ƙasa, suna hawa suna gangara, ɗaya na bin ɗaya. Wai in tsaki sun yawaita, shirwa ta ƙoshi ta hayayyafa. In ta yi yawa tsaki su ragu, yunwa ta kore ta, sannan tsaki su dawo. Ya ce in gari duka ya hana kaji kwanci na damina ɗaya, shirwa za ta watse da kanta.

Maganar ta isa ƙofar mai unguwa, Auta ya sake zanensa a can. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai, har da waɗanda suka kalli zanen ta baibai. Aka yi shela, aka shafa fatiha: bana ba mai ɗora wa kaza ƙwai.

Ashe kowa ya koma gida da nasa lissafin. Tunda maƙwabta za su daina, shirwa za ta tafi, to nasa 'yan tsakin me zai same su? Liman ma a bayan rumbu tasa kazar ta ƙyanƙyashe. Ni da nake aure a Safana, kullum na zo sai na ji ciyau-ciyau ta kowace katanga, masu gidan kuma suna tari da ƙarfi don su rufe kukan.

Inna kaɗai ta cika alkawari, don ba za a ce ita ta ƙaryata karatun ɗanta ba. Kullum ta kwashe ƙwai ta dafa, muka ci har muka ƙosa. Raina ya ɓaci, na ce ta ɗora ko biyar ne a ɓoye kamar kowa. Ta ce ita ba kowa ta haifa ba.

Shirwa ba ta taɓa ƙiba irin ta wannan damina ba. Da Sallah ta zo jikoki suka cika gida, suka leƙa akurki, ba komai sai tsofaffin kaji. Auta ya sunkuyar da kai ya fara bayanin inda aka samu kuskure. Inna ta katse shi.

"Bari, Auta, lissafinka bai yi ƙarya ba. Duk garin nan, gidana kaɗai shirwa ta daina zuwa."

Sannan ta miƙa wa kowane jika dafaffen ƙwai ɗaya, ba ta yarda ta kalli fuskarsu ba.