Alhaji Sammani Makanike da Sifanar Rabin Inci

An haifi Alhaji Sammani Makanike ranar Litinin, 9 ga watan Maris na shekarar 1942, wanda ya yi daidai da watan Safar na 1361 bayan Hijira, a unguwar Ƙofar Guga cikin birnin Katsina. Sunan mahaifinsa Malam Abdurrahim Maƙeri, mahaifiyarsa kuwa Malama Jummai, haifaffiyar Gobarau. An san ranar haihuwarsa daidai ne saboda wani kawunsa, malamin asibiti, ya rubuta ta a bangon wani littafi da har yanzu yake hannun iyalin. Ya rayu shekara tamanin da ɗaya da kwana takwas bisa lissafin Miladiyya.

Ranar Asabar, 29 ga Afrilu, 2023, magadansa suka ƙidaya kayan aikinsa a gaban shaidu uku, ciki har da mai wannan rubutu. An sami guda sittin da huɗu rataye a allon katakon da ke bangon garejinsa, alhali zanen siffofinsu da ya yi da jan fenti guda sittin da biyar ne. Gurbin da ya rage fanko na wata ƙaramar sifana ce, wadda ta raba shi da amininsa kuma yayan matarsa, Malam Lawwali, har tsawon shekara talatin da ɗaya da wata goma. Ba a iya fahimtar rayuwar Alhaji Sammani ba tare da an san tarihin wannan sifana ba.

Ƙuruciya da karatu

Ya tashi a maƙerar mahaifinsa, inda ya san masaba da awartaki da uwar maƙera tun bai san harafi ba. Ya yi karatun allo a unguwarsu, aka sa shi makarantar elementare a 1950, ya zarce zuwa babbar firamare, ya kammala a 1957. Abokan karatunsa biyu da suka rage sun yi ittifaƙi a kan cewa lissafi ne ƙarfinsa, musamman lissafin ɓangarori, irin su rabi da rubu'i da sumuni, wanda daga baya ya zama harshen sana'arsa. An nemi ya ci gaba da karatu domin ya zama malamin makaranta, amma ya nuna wa mahaifinsa cewa ransa na ga injin mota, mahaifin kuwa bai ga aibun ɗan maƙeri ya bi ƙarfe ba.

Koyon sana'a

A farkon 1958 aka damƙa shi ga Malam Bala, tsohon soja wanda ya koyi gyaran mota a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo gida a 1946. A wurinsa Sammani ya haɗu da Lawwali, wanda ya girme shi da shekara guda, suka ƙulla amincin da ya kai ga cin tuwo a kwano ɗaya da sa riga iri ɗaya ranar salla.

Malam Bala ya taho da wata al'ada daga soja: kowane kayan aiki yana da gurbinsa a allo, da siffarsa a zane, ta yadda in yamma ta yi kallo ɗaya ya isa a san abin da bai dawo ba. Motocin wancan zamani, irin su Bedfod da Ostin da Landiroba, na ƙasar Ingila ne, notinsu kuma da inci ake auna shi. Ranar da ya yaye Sammani, cikin watan Yuni na 1963, ya ba shi sifanu takwas na inci. Bakwai sababbi ne. Ta takwas, mai bakin rabin inci, ita ce wadda Malam Bala ya taho da ita daga Bama, da ɗigo uku da ya buga mata a ƙota domin shaida. An ruwaito cewa da ya miƙa masa ita ya ce, “In mutum ya roƙe ka aron riga, ba shi. In ya roƙi wagga, ka tashi ka je ka kwance mashi notin da hannunka.” Malam Bala ya rasu a 1969.

Aure da iyali

A 1966 ya auri Malama Lailatu, ƙanwar Lawwali, kuma ita kaɗai ya aura har ƙarshen rayuwarsa. Allah ya ba su 'ya'ya shida: Abdurrahim, wanda ake kira Abba saboda sunan kakansa ne, a 1968, Rahama a 1971, Suwaiba a 1974, Hafsat a 1977, wadda ta rasu tana da shekara biyu, Umair a 1980, sai Zara a 1984.

Garejin Ƙofar Guga da kayan cikinsa

A 1968 shi da Lawwali suka buɗe gareji na haɗin gwiwa a wani fili kusa da ƙofar gari. Sammani ya kafa allo irin na maigidansu. Abin sha'awa ga mai bincike shi ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke allon ba saye aka yi ba. Akwai guduma da mahaifinsa ya ƙera masa daga sifirin babbar mota, akwai dogon sukudireba da ya fere da kansa yana kara shi a jikin inji, ya ɗora ƙotar a kunne domin ya ji inda ciwon yake, akwai kuma wata lanƙwasasshiyar waya ta zaro notin da ya faɗa lungun da yatsa ba ya kaiwa.

Mai wannan rubutu ya tambayi tsofaffin makanikai tara na birnin wane kayan aiki kowannensu ya fi so. Huɗu sun ambaci wata sifana tilo, biyu filaya, biyu guduma, ɗaya kuma ya ce kunnensa. Babu ko ɗaya da ya ambaci abu mafi tsada a akwatinsa. Na Lawwali, a shaidar kowa, magagari ne, domin an san shi da hannun gugar ƙarfe da ba a sami irinsa ba a cikin abokan koyonsa.

Saɓanin 1977

Bayan ƙarin albashin ma'aikata na 1975 da fara haɗa Fijo a Kaduna, motocin Faransa suka cika Katsina, su kuwa notinsu da milimita ake auna shi. Garejin ya sayi sifanun milimita jeri guda, na haɗaka. A ƙarshen Nuwamba na 1976 Sammani ya tafi aikin Hajji, ya bar wa Lawwali amanar allon kayan aikinsa.

Cikin makon farko na Disamba aka kawo Fijon wani shugaban makaranta wanda zai kama hanyar Kaduna washegari. Aikin yana buƙatar sifana mai lamba goma sha uku, ita kuwa an manta da ita a cikin injin wata mota da ta riga ta wuce Funtuwa. A nan ya kamata a yi bayanin lissafi. Rabin inci milimita goma sha biyu ne da ɗigo bakwai, wato tsakaninsa da goma sha uku kashi uku ne kacal cikin goma na milimita, abin da bai kai kaurin farce ba. Lawwali ya ɗauko sifanar Malam Bala, ya goge bakinta da magagari har ta kama notin, ya gama aikin, mai mota ya tafi. Sa'an nan ya shafa wa bakin baƙin mai domin ya ɓoye hasken sabon ƙarfe, ya mayar da ita gurbinta.

Alhaji Sammani ya dawo a ƙarshen wata. A mako na biyu na Janairun 1977, yana ɗaure noti a wata Landiroba, sifanar ta zame, ta saɓule masa fatar yatsu uku. Ya wanke sifanar da fetur, ya duba bakin a rana. Mutum biyu da ke wurin sun kawo abin da aka faɗa kusan kalma da kalma. Ya ce, “Malam Lawwali, wane ne ya aske wa Malam Bala baki ba na nan?” Lawwali ya ce, “Haba Alhaji, ƙarfe ne fa, ba ɗan mutum ba. In saya maka goma gobe.” Alhaji Sammani ya ce, “Ba gugar ta ƙona mani rai ba. Baƙin man da ka shafa, shi ne.”

Kafin watan ya ƙare aka raba gareji, Lawwali ya koma hanyar Jibiya. Wajibi ne a gyara wata riwaya da ta yaɗu cewa sun daina magana, domin ba haka ba ne. Sun ci gaba da gaisawa cikakkiyar gaisuwa, suna halartar suna da jana'izar juna, kamar yadda addini ya wajabta. Abin da ya yanke shi ne kwano ɗaya da aron kayan aiki, wanda a wurin makanikai shi ne ma'aunin aminci. Malama Lailatu ta zauna a tsakani, tana kai ziyara gidan yayanta ita kaɗai.

Shekarun tsakiya

A shekarun da suka biyo baya motocin Ingila suka yi ta raguwa, har ya zama lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 sai a yi wata ba a kawo ko ɗaya garejin ba. Sifanu bakwai na inci suka zauna a allo, ana goge su duk ranar Alhamis, ba a aiki da su. Ta takwas kuwa, wadda aka ɓata, ita ce ta dace da zamani. Motocin Japan sun fi son lamba goma da sha biyu da sha huɗu, amma Fijo da motocin Jamus da suka zama tasi a garin sun riƙe sha uku, kuma ƙotarta siririya tana shiga inda sababbi ba sa shiga. Tun daga wajen 1983 ba ta ƙara wuni a allo ba, tana aljihun gaban rigar aikinsa.

Duk wanda ke garejin ya ga wannan, babu wanda ya furta sai Malama Lailatu. 'Yarta Rahama ta ce sau da yawa in mahaifiyarta ta tsinci sifanar a aljihu lokacin wanki takan ce, “Alhaji, ita dai wagga ta daɗe da yafe wa Yaya. Kai kaɗai ka rage.” Shi kuwa amsarsa ɗaya ce, cewa a ajiye masa abinsa a inda ruwa ba zai taɓa ba.

Sulhu

A damina ta 2008 Malama Lailatu ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara, da hantsi, Alhaji Sammani ya hau babur ɗin Umair zuwa hanyar Jibiya, ya shiga garejin Lawwali, inda bai taɓa taka ƙafa ba. Bayan doguwar gaisuwa ya fito da sifanar, ya nuna wani ɗan kaifi da ya taso a gefen bakinta saboda daɗewa, ya ce ya zo aron magagari. Umair ya shaida cewa akwai magagari huɗu a allon mahaifinsa a ranar. Lawwali ya ce, “Magagarina ba ya fita aro, Alhaji, wani ya koya mani haka.” Alhaji Sammani ya ce, “To, wanda ya fara aski shi ke ƙarasawa.” Lawwali ya karɓa, ya goge kaifin, ya ɗaga ta ya nuna masa hasken ƙarfen, ya ce, “Ga ta nan, ban shafa komi ba.” Da azahar suka tafi Ƙofar Guga tare, aka kai masu abinci ɗakin mara lafiya bisa umarninta, a kwano ɗaya. Malama Lailatu ta rasu cikin Fabrairun 2009.

Ƙarshen rayuwa da wafati

Alhaji Sammani ya miƙa ragamar garejin ga Umair a 2012, amma bai daina zuwa ba. Ya nuna sha'awa ƙwarai ga na'urar da ake jona wa motocin zamani ta faɗi ciwonsu, yakan sa a karanta masa abin da ta ce, sa'an nan ya kara sukudirebansa a kunne ya ji ko ta yi gaskiya. Bai yarda a zana mata gurbi a allo ba, bisa hujjar cewa abin da ke buƙatar caji ba kayan hannu ba ne. Malam Lawwali yakan zo kusan kullum bayan la'asar su zauna a benci ɗaya.

Ya rasu da safiyar Juma'a, 17 ga Maris, 2023, cikin watan Sha'aban na 1444, a gidansa, bayan jinyar kwana tara. An yi masa salla bayan an sauko daga masallaci, aka binne shi a maƙabartar Ɗan Marna. Ya bar 'ya'ya biyar: Alhaji Abba, Hajiya Rahama, Malama Suwaiba, Umair da Zara, da jikoki ashirin da uku. Allah ya gafarta masa.

Ya bar wasiyya a rubuce cewa kada a raba allon, magada kuma suka amince, sai dai sifanar rabin inci, wadda ya ce a kai wa Malam Lawwali. An kai masa ita kwana uku bayan jana'iza, abin da ya sa ranar ƙidaya aka sami gurbinta fanko. Ta zauna a wurinsa wata goma sha ɗaya, har ya rasu cikin Fabrairun 2024, iyalansa suka mayar da ita Ƙofar Guga bisa nasa umarnin. Kafin a rataye ta, Umair ya auna bakinta da ma'aunin injiniyoyi, aka sami milimita goma sha uku da ɗigo ɗaya. Kayan da ke allon a yau sittin da biyar ne.