Tela, Ka Tashi Ka Bar Ni A Kujerar Mai Ci

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga wata, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Tela, abokina, bayan jinyar kwana huɗu.

Tela, ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: na yi kishinka. A shagon gem ɗin layinmu, inda ake buga ƙwallon ƙafa a allon talabijin, doka ɗaya ce, wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi. Shekara uku ba wanda ya tashe ni. Na karanta duk abin da aka rubuta kan wasan ƙwallon nan, na haddace dabarunsa, babban yatsana ya yi kanta. Kai kuwa sai ka shigo da zare maƙale a riga, ka ɗauki hannun gem, ka fito da mai tsaron gidanka yana yanka har tsakiyar fili. In zura maka bakwai, ka tashi kana dariya, shago kaf ya bi ka benci. Ni a bar ni da nasarata da allo.

Kai ka ɗinke yagaggun kujerun shagon ba wanda ya roƙe ka. Rigar da na je neman aiki da ita, kai ka rage mata hannu.

Watan jiya na ce maka, "Wasa yana da doka da ci. Kai abin wasan yara ka mai da shi. Kada ka ƙara zama gabana."

Ka ce, "To Farfesa, in ban zauna ba, wa zai zauna?"

Na ɗauka raini ne, na daina yi maka magana. Ka aiko sau biyu, na ƙi zuwa.

A jana'izarka sahu ya fito har bakin titi. Ina tsaye ina ƙirga mutane, kishin yana cina, kunya kuma tana bin sa. Jiya na koma shago, na zauna awa biyu. An gaishe ni da ladabi, amma ba wanda ya ɗauki ɗaya hannun.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa dariyar da ka ba mutane ta yi nauyi a mizaninka. Allah Ya ba matarka da 'yarka haƙuri. Inna, mahaifiyarsa, ɗanki ya rasu ina gaba da shi a kan wasa. Gobe zan zo in durƙusa a gabanki, ki yafe mini a madadinsa.