Inda taswirata ta ƙare

Ni Garba shofer, wato direba, tunda na sa taswira a salulata na ce ba ɗan Adam ɗin da zan sake tambaya hanya a ƙasar Arewa. Ku sabbin shiga, ku ji ranar da ba ta fita raina ba har yau.

Lokacin rigakafi ne, da bazara. Anka haɗa ni da Madam Saratu, ma'aikaciyar jinya, mu kai allura wani ƙauye bayan Lugu. Allurar tana cikin akwatin sanyi. In ƙanƙara ta narke, ta lalace, yaran kuma sai wani zagaye.

Daji ba rezo, waya ba ta kama sabis, don haka tun a biro, ofishinmu, nan Dogon Dutsi, ake sauke taswirar. Za ka ja zanen akwati da yatsa a kan yankin da kake so, waya ta ajiye shi. Tawa ta ce ba wuri. Maimakon in goge bidiyon kokowa, sai na matse akwatin taswirar kaɗan.

Rana na tsaka munka wuce Lugu. Nan take hanyoyin sunka ɓace daga gilashin wayar, ya koma fari fat, sai ɗigon da ke nuna mu shi kaɗai yana yawo. Waje ma tsit, ko kurciya ba ta kuka. Matar nan mai faɗin hanya a cikin waya ta ce da Faransanci in juya. Na juya. Munka tarar da tsamiya ɗaure da farin ƙyalle. Na miƙe, na yi tafiyar da ta isa ta kai ni Makka, sai ga tsamiyar kuma.

"Garba, ruwa na ɗiga daga akwatin," in ji Madam, tana riƙe da gicciyen wuyanta. Ni kuwa har Fatiha ta ɓace mini.

Zuwa na uku, wata tsohuwa na zaune gindin itacen. Doguwa ce ƙwarai. Ban tambaye ta ba, Allah shaida. Ta ɗaga hannu ta nuna gabas. Da na duba madubi, tsamiya kawai na gani.

Munka isa da sauran ƙanƙara kamar ƙwan zabo, anka yi wa yara allura.

Tun ranar, faɗin taswira nike fara dubawa kafin mai. Da munka koma na kai wa majo, shugaban asibitinmu, labari, na ce iskokin Lugu sun cinye mini taswira. Ya karɓi wayar ya latsa.

"Garba, iskar da ka gani gyara maka ta yi dai. Ƴan kokowarka sunka ɓad da kai."