Yadda Banki Ya Ci Mini Haƙorin Zinariya

Ni dai ba mai yawo ba ce. In an cire gidan biki da gidan gaisuwa, iyakata daga Kusfa zuwa Ƙofar Jatau, can ɗin ma don ƙanwata na aure a wurin ne. Ina zaune a tsakar gida da zare da allura ina ɗinkin hula, labari ne yake zuwa ya same ni, don duk wadda ta shigo karɓar ɗinki sai ta sauke mini abin da ke faruwa a layinsu kafin ta ɗauki mayafi. To shekarar da ɗana na fari ya biya mini kujerar Makka, sai ga ni zan tsallake ganuwa, in tsallake Zariya, in tsallake ƙasar gaba ɗaya.

Aikin Hajji don Allah na je yi, wannan ba a magana. Amma akwai wani buri a gefe, ba zan ɓoye ba: haƙorin Makka, na zinariya. Kakata tana da shi. Ina ƙarama nakan zauna a gabanta in ta fasa goro, ba don goron ba, don in ga abin nan ya yi wal a bakinta. Tun ana cewa za a biya mini kujera na shiga adashi da kuɗin hula saboda shi kaɗai. A unguwarmu Hajiyar da ba ta da haƙori sai ta yi ta bayani. Mai haƙori kuwa murmushi kawai take yi.

Da labari ya bazu, sai sautu ya fara shigowa. Wannan ta kawo kuɗin abaya, baƙa wuluk, ban da mai duwatsu don maigidanta ba ya so. Waccan turare da darduma. Tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita kwalli take so da dabino mai laushi, don ba ta da abin tauna mai tauri. Ni ba rubutu nake yi ba, saboda haka kowacce na ɗaure kuɗinta a ƙyallen da ta kawo shi. Na san atamfar kowa a Kusfa, har wadda aka ara aka je biki da ita.

Ɗan nawa ya shigo ya tarar da ni a tsakiyar ƙulle-ƙulle kamar mai sayar da magani. Ya ce, “Inna, ba a karɓar naira a can, kuma ba za ki ratsa filin jirgi da wannan tarkacen ba.” Ya kwance su duka, ya haɗa da kuɗin adashina, ya kai banki aka mayar dala, ya dawo mini da kati ɗan mitsitsi.

Na ce, “Kai wannan, amanar mutane ka cakuɗa mini wuri ɗaya kamar fate?”

Ya ce banki bai san wannan ba. Na ce ai ni na sani. Ya faɗa mini abin da kuɗin kowacce ya kama a riyal, na haddace a take, don abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Ya kai ni wurin injin cirar kuɗi ya nuna mini inda ake dannawa. Ƙyallayen kuwa na ninke su babu komai a ciki na cusa a jaka.

Allah Ya haɗa ni ɗaki ɗaya da taubashiyata, ’yar kawuna ta Ƙofar Gayan, wadda ke fataucin abaya. Ta je ƙasar nan har masu shaguna sun san tarinta. Tun a jirgi take ce mini ’yar ƙauye, ni kuma ina tuna mata cewa a gidanmu ta koyi cin nama.

Da aka gama aikin ibada aka shiga kasuwa, sai na tsara abina yadda hankali ya ba ni. Akwai injin cirar kuɗi a jikin masaukinmu. In zan sayo abayar mai abaya, sai in je in ciro daidai kuɗinta, in ɗaure a ƙyallenta, in je in saya, in mayar da canjinta cikin ƙullin. Sannan in dawo in ciro na mai turare. Kuɗin wata bai taɓa na wata ba, ko a hannuna. Wani lokaci kafin azahar na je wurin injin nan ya fi a ƙirga. Duk na ciro kuma sai in danna wurin da yake nuna abin da ya rage, don mutum ya san inda yake. Yakan kuma yi mini wata tambaya, gefe ɗaya alamar dala, gefe ɗaya rubutun da ban gane ba. Tunda yaro ya ce dala ce a cikin katin, sai in danna dala, ina jin kaina kamar matar gwamna. Har sannu na fara yi wa injin. Ban taɓa ganin mai ba da kuɗi ba ya ɓata rai ba sai shi.

Rannan muna zaune da hantsi muna shan shayi, waya ta yi ƙara. Ɗana ne, don a wayarsa alat ɗin banki yake shiga duk lokacin da aka ciri kuɗi. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya ce, “Inna, wani ya ɗauke miki kati ne?”

Na ce ga shi nan a lalitata.

“To wa yake zuwa wurin inji kamar mai zuwa rijiya?”

Na yi masa bayanin tsarina tiryan-tiryan, ina jira ya yaba. Sai ya yi gyaran murya, irin wadda ubansa yake yi in an saka gishiri sau biyu a miya. Can ya ce, “Inna, duk cira ɗaya sai mai injin ya yanki nasa, bankinmu na nan ma ya yanki nasa. Ko kuɗin kwalli kika ciro, ko kuɗin mota, akwai cajin da ba ya canzawa. Tambayar abin da ya rage ma kuɗi ce.”

“Tambaya? Tambayar kuɗina?”

“Ita ma.”

Na ce to a cikin kuɗin wa ake yanka? Ya ce ai duk tukunya ɗaya ce, wanda ya rage a ƙasa shi ya biya. Ban buƙaci a faɗa mini na wa ne a ƙasa ba. Kuɗin haƙori na bari sai ƙarshe, don a gama da amanar mutane tukuna.

Taubashiyata tana jin komai, don wayata ba ta iya magana a hankali. Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Ta ce, “Wayyo ’yar ƙauye! Shi ya sa kullum nake ganinki a gindin inji, na ɗauka miji kika samu.”

Na ce, “Da miji ne ai da ya fi wasu, shi yana bayarwa.”

“Yana bayarwa yana lasa. Tashi mu je in raba auren.”

Ta tsaya a bayana kamar mai koya wa yaro alwala. Ta sa na ciro iyakar abin da injin ya yarda ya bayar a lokaci ɗaya. Da tambayar nan ta fito na kai yatsa wajen dala, ta buge mini hannu. Ta ce, “Wancan gefen, riyal. In kika danna dala kin ce shi ya yi miki canji da farashin da ya ga dama. Kin taɓa ganin ɗan canjin da aka ce ya yanka wa kansa ya yanka kaɗan? Kina ƙasar mutane, ki zaɓi kuɗin ƙasar.” Ta ce manyan shaguna kuma a miƙa kati kawai, ba sai an ciro ba, nan ma in sun tambaya a ce riyal. Abin da ya rage kuwa in tambayi ɗana, shi ba ya caji.

Na ce, “To amanar fa? Sai in cakuɗa?”

Ta ce, “Ke, gadonki na ɗaki kuɗi yake karɓa? Zube su a kai ki raba, ki ɗaure abinki.”

Haka na yi. Na baje riyal a kan gado na rarraba wa ƙyallaye, kowacce da nata. Abin da na yi ta sintiri a kansa, ga shi ya ƙare kafin shayi ya huce. Na zauna ina kallon ɗan abin da ya rage nawa, ya rame kamar ya yi jinya.

Taubashiya ta ce in ɗan tsakura daga canjin kowa in cike, ai wahalarsu na yi. Na juya maganar a raina, ba zan ce ban juya ba. Amma ba su suka aike ni gaishe da inji ba. Ban da haka ma, matan Kusfa sun fi ’yan kasuwar Makka sanin farashin Makka. Tsohuwar nan da ba ta taɓa wuce Kaduna ba za ta faɗa maka kuɗin dabino na bana da na bara.

Muka je wurin mai sa haƙori, wani mutum da Hausa a bakinsa kamar a Kano aka yaye shi. Ya faɗi kuɗin zinariya. Na yi tayi irin na kasuwar Zariya, na haɗa shi da Allah, na ce masa daga nesa na zo. Ya ce, “Hajiya, kowa a nan daga nesa ya zo.” Taubashiya ta buɗe jaka ta ce za ta cika mini, kyauta. Na riƙe hannunta. Na san ta. Har mu mutu, duk dariyar da na yi a gidan biki sai ta ce wa mutane da haƙorinta nake yi. Na ce wa mutumin ya sa na azurfa.

Da muka dawo gida, mata suka cika tsakar gida. Ana yi mini barka da sauka, amma idon kowa a bakina yake. Na miƙa wa kowacce kayanta da ƙullin canjinta, aka kwance aka duba, kowacce ta tarar da nata cif. Tsohuwar katanga ta matso ta kama haɓata ta juya ni wajen haske.

“Fari nake gani. Ba zinariya kika ce ba?”

Na ce, “Zinariyar na banki, Iya, sun ajiye mini.”

Ta ce Allah Ya sa suna da amana.

Bayan wani lokaci ɗana ya kai ni bankin don a sake mini kati. Aka shigar da mu ofishin wani babba a cikinsu, Alhaji ne mai fara’a, ya tashi ya gaishe ni da ladabi. Yana buɗe baki sai ga shi nan a gefen dama, wal, irin na kakata sak. Ɗana ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma ya makara.

Na ce, “Alhaji, ya zauna maka daidai kuwa? Ba ya matsa maka?”

Ya ce lafiya lau, Hajiya, yana ta murmushi bai san dalili ba. Na ce to madalla, a dai riƙa wanke shi da kyau.